Hutun Rijiyar Kawu Abarci

Alhamis, 3 ga Afrilu 2025

Kawu Abarci ya yarda. Sai da Inna ta kira shi sau uku, ta tuna masa ita ta goya shi, sannan ya ce to, a zo a gwada. Da ta miƙo min wayar abin da ya faɗa kawai shi ne, "Hamdiya, ita ɗaya gare mu hwa. Babanmu ya gina ta da hannunshi. In ta tahi, mun tahi." Na ce Kawu famfo ne za a saka, ba nakiya ba. Bai yi dariya ba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don ranar da na zama babbar injiniya in karanta in ji daɗi. Gasa ce ta ɗaliban injiniya, ƙungiya arba'in, kowace ƙungiya mutum uku daga ƙasa uku. Tamu ni ce daga makarantarmu ta Maraɗi, da Ines daga Tunusiya, da Matiyo daga Beljiyam. Wata biyar muna aiki ta waya, kuma daga wuya zuwa sama kawai na san su. Abin da muka ƙera famfon rijiyar dabbobi ne mai aiki da hasken rana, ba batiri, ba wani tarkace, fano biyu masu kama hasken kawai da tiyo. Rana ta yi ƙarfi ya yi ƙarfi, ta faɗi ya kwanta. Dokar gasa ta ce a gwada shi a rijiya ta gaske kwana goma sha huɗu a jere, a aika rahoto ranar 30. Ƙungiya shida za a ɗauka zuwa zagayen ƙarshe.

Rijiya ta gaske kuwa ni kaɗai ke da ita. Shanun Kawu sittin ke sha a cikinta, da dabbobin gida biyar na maƙwabta.

Asabar, 5 ga Afrilu

Zakiru, babban ɗan Kawu, ya goya ni a moto daga gidan Inna a Dakoro zuwa rijiyar, can bayan Birnin Lalle. Ƙashin bayana ya ji jiki.

Na auna: metir arba'in da ɗaya kafin a taɓa ruwa, ruwan kansa metir biyu da rabi. Tun asuba suke ja da takarkari. Sa ya yi nisa da igiya, wasaki ya fito cike da ruwa, a juye a komin shan dabbobi, sa ya dawo, a sake. Na tsaya ina kallo ina jin tausayinsu, ina cewa a raina saura kwana biyar ku huta.

Abin dariya. Azahar na yi kowa ya naɗe igiyarsa. Har wani Bafillace da ya iso da shanu suna kukan ƙishi, ya kora su gefe ya je gindin aduwa ya zauna. Na tambayi Kawu ko igiya ce ta tsinke. Ya ce, "A'a, tana hutawa. Daga azahar zuwa la'asar ba a taɓa ta. Haka munka taras." Na ce me ya sa? Ya dube ni ya ce, "Ke ba ki hutawa?"

Mutane ne rana ta dame su suke son inuwa, sai su ɗora wa rijiya gajiya. Na kusa faɗa, na tuna rijiyarsa nake aro.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Mun cika takardar bayanin wurin gwaji. Ines ke karanto tambayoyi. Ta zo kan wadda ta ce ko masu rijiyar suna da wata ƙa'ida game da lokacin ɗibar ruwa. Na ce babu.

Na san abin da ya sa na ce haka, kuma tunda littafina ne bari in faɗa. Matiyo yana kirana "idonmu a daji". Ni na yi lissafin tiyo gaba ɗaya, amma kullum hotuna yake gode min. Watan jiya da na ce masa kowace saniyar Kawu tana da suna, ya ce abin sha'awa ne, da irin muryar da ake yaba wa yaro zane. In na ce masa rijiyarmu tana barcin rana, shafi guda zai buɗe mata a rahoto, da hoton Kawu da rawaninsa. Ba zan ba shi wannan ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An saka. Ƙarfe goma sha ɗaya ruwa ya fito ta tiyo, farko yana tari, sannan ya miƙe. Mata suka yi guɗa. Na kira su Ines ta bidiyo, rezon waya na yankewa, amma sun gani. Matiyo ya ce, "Aikinki ya yi kyau, injiniya." Karo na farko ke nan.

Da aka yi kiran azahar Kawu ya zo ya ce in kashe. Na ce Kawu ai yanzu ne rana ke tsakiya, waɗannan awowi uku su ne ƙarfin famfon, saboda su muka gina wurin tara ruwa. In an kashe shi da azahar gara a mayar da takarkari. Na yi masa bayani da Hausa, har na zuba masa Faransanci kaɗan a gaban mutane, Allah Ya yafe min. Ya daɗe yana kallon tiyon. Ya ce, "To. Ke kinka yi karatu." Ya koma gindin aduwa.

Litinin, 14 ga Afrilu

Litir dubu tara yau. Zakiru ya ce takarkari ya fara ƙiba, har ya manta hanyar rijiya.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ruwan ya ɗan yi duhu bayan ƙarfe biyu. Zakiru ya sa hannu a ƙasan komi ya ɗebo rairayi cikin tafinsa, ya nuna min. Na ce sabon famfo haka yake yi, zai washe.

Ban ɗauki hoton rairayin ba. Na ɗauki na maruƙa suna sha.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Kwana na goma sha ɗaya. Wajen ƙarfe biyu da rabi famfon ya fara shaƙar iska, yana tari, ruwa ya yanke ya dawo ja. Ma'ana yana kai wa ƙasan rijiya, ya tsotse tas. Na sani sarai. Ba sai an gaya min ba.

Kawu ya zo ya leƙa, ya ce, "Ɗiyata, ki bar ta ta huta ko yini guda." Da taushi ya faɗa, kamar shi ke roƙon aro. Na ce saura kwana uku Kawu, in aka yanke ko yini ɗaya gwajin ya ɓaci, sai a faro daga farko, kuma lokaci ya ƙure. Kwana uku kawai. Bayan nan ko wata guda yake so ta huta.

Ban ci abincin kirki ba. Rairayi a ƙasan komi ya kai tsawon yatsa.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ta rufta.

Yau ne kwana na goma sha huɗu. Ƙarfe uku saura, ina rubuta lambar ƙarshe a kaye, littafin awona, sai na ji ƙara daga ƙasa, ba babba ba, kamar an sauke buhu a ɗaki na kusa. Tiyo ya girgiza ya yi shiru. Ƙura mai danshi ta taso daga bakin rijiyar.

Zakiru ya zura igiya da dutse. Ya fito da jiƙaƙƙen rairayi, ba ɗigon ruwa. Ya sake, haka. Famfon yana can ƙasa a binne.

Kawu ya tako a hankali ya dafa bakin rijiyar da hannu biyu, ya daɗe yana kallon ciki. Ya yi salati. Sannan ya ce wa Zakiru a tattaro shanu. Ya bi ta gabana, har gefen rigarsa ya taɓa kayena, bai dube ni ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Bai zage ni ba. Da ma ya zage ni.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Shanu na tafiya rijiyar wasu mutane, kilomita goma sha huɗu, cikin wannan zafin na bazara. Sai masu rijiya sun gama, da danginsu, da waɗanda suka riga zuwa, sannan a ba su abin da ya rage. Yini ɗaya su sha, yini ɗaya su kwana da ƙishi. Kawu da duk rayuwarsa shi ake gaidawa a nemi izinin zura guga, yau shi ke tsaye a bayan layi yana gaisuwa. Gidaje biyar ɗin nan ma haka, kuma su ko tambayarsu ban yi ba kafin in saka abina.

Inna tana ajiye min abinci fuskarta na kallon wani wuri.

Mun yi magana da ƙungiya bayan la'asar. Matiyo ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na yarda ya yi. Amma ya ce kwana goma sha huɗu sun cika, lambobinmu sun fi na kowa kyau, ruftawar rijiya matsalar ƙasar wurin ce, ba ta shafi ƙirar famfo ba. A aika rahoto yadda yake, a ambaci abin a layi ɗaya a ƙasa. Ines ta ce, "Hamdiya, ba ki ga wata alama ba kafin ranar?"

Na ce rezo ba kyau, na kashe.

Lahadi, 27 ga Afrilu

An kawo mai yasar rijiya daga wajen Kornaka, Malam Sa'adu, tsoho siriri mara surutu. Aka ɗaura masa igiya a ƙugu aka zura shi. Ya fi rabin awa a ciki. Da ya fito ya zauna ya sha ruwa, sannan ya ce rairayi ya kai gaba biyu, kuma zoben siminti na ƙasa ya karkace.

Ya yi bayani ba wanda ya tambaye shi. In aka bar ruwa a ciki, shi ke danne rairayin gefe. In aka tsotse shi ƙaf, sabon ruwa na shigowa da gudu ya kwaso rairayin bayan zobe, bayan ya zama rami, wata rana ya zauna. "Shi ya sa aka barin ta da rana ta cika a hankali. Wa ya ja ta da azahar?"

Kowa ya kalli ƙasa. Ba wanda ya nuna ni, har matan da ke gefe.

Na san wannan darasin. Shekara ta biyu aka koya mana shi, da zane da lissafi, yana cikin kayena mai koren bango. Goma sha shida bisa ashirin na ci a jarrabawar. Kawu ya faɗa min shi da kalma biyu, ni kuma na tafi ina dariya a bayan moto.

Litinin, 28 ga Afrilu

Saye, saniyar Kawu, ta faɗi a hanyar dawowa daga ruwa. Ita ce mai cikin nan da na ɗauki hotonta ranar farko, Matiyo ya sa ta a bangon rahoto. Zakiru ya yanka ta kafin ta cika. Sun aiko mana da nama har Dakoro, rabon gidan Inna, kamar yadda aka saba.

Na kasa ci. Inna ta ce, "Ki ci. Kada ki ƙara muna da jinya." Ita ce maganarta mafi tsawo gare ni tun Laraba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Da safe na rubuta musu komai. Cewa akwai ƙa'ida kuma na ce babu. Cewa na ga rairayi ranar 17, na ji iska ranar 20, an roƙe ni in tsaya na ƙi. Na rubuta shafi uku na ce a saka a rahoto, ba a ƙasa ba, a gaba. Famfon da ƙarfinsa ke zuwa daidai lokacin da rijiya ke bukatar a ƙyale ta, ƙirarsa ce ba daidai ba, kuma akwai ɗaruruwan rijiyoyi irin ta Kawu. In muka ci gasa wani zai ɗauki zanen ya kai musu.

Matiyo ya kira. Bai ɗaga murya ba, amma fuskarsa ta yi ja. Ya ce wata biyar, ya ce da wannan gasar yake neman gurbin ƙaro karatu. Ya ce, "An tambaye ki, ke kika ce babu." Gaskiyarsa. Ya ce da na faɗa tun farko, ƙaramin maƙunni ne da ya saka mai tsayar da famfo in ruwa ya yi ƙasa, aikin yini ɗaya. Wannan ta fi yi min ciwo, don ita ma gaskiya ce. Na so in ce masa muryarsa ce ta hana ni faɗa, sai na ji yadda maganar za ta fito, na haɗiye.

Ines ta ce a aika da shafi ukun. Ƙuri'a biyu da ɗaya. An aika ƙarfe huɗu.

Na zaci zan ji sauƙi. Ban ji komai ba. Rijiya na nan cike da rairayi.

Litinin, 5 ga Mayu

Ana ta yasa. Takarkari ya koma aiki, rairayi yake ja yanzu maimakon ruwa. Na je zan kama igiya, Zakiru ya ce, "Bari, za ta yanke miki hannu." Ban san ko tausayi ne ko kora ba.

An fito da famfon. Yana jingine a aduwa, awaki na shinshinarsa.

Juma'a, 9 ga Mayu

Sakamako ya fito. Ba ma cikin shida. Alƙalan gasa sun rubuto layi biyu: sun yaba da gaskiyar rahoton, amma ƙungiyar ba ta nemi sanin masu amfani da rijiyar ba. Ƙungiyar. Sun raba mana laifin uku daidai, alhali nawa ne ni ɗaya.

Matiyo ya fita daga guruf ba sallama. Ines ta aiko, "Yaya rijiya?" Ita kaɗai ta tambaya a cikin duk mutanen gasar nan.

Ban ma ji zafin faɗuwar ba, kuma wannan ya ba ni tsoro. Wata biyar ba abin da nake so kamar ta.

Litinin, 12 ga Mayu

An kai ga ruwa. Bai kai metir ɗaya ba. Malam Sa'adu ya ce zoben da ya karkace ba ya miƙuwa, ya toshe rabin idon. Wataƙila bayan damina ta ƙaru, wataƙila ke nan. Ya naɗe igiyarsa ya tafi.

Ba za ta ɗauki shanu sittin ba, balle na maƙwabta. Kawu ya yanke shawara: Zakiru zai kora arba'in kudu da iyalinsa, sai ruwan sama ya sauka. Garken bai taɓa rabuwa ba tun zamanin kakana. Na tarar da Uwa, matar Zakiru, tana ɗaure ƙore da tabarmi a kan jaki. Na gaishe ta ina jiran ta kau da kai, sai ta amsa da kyau, har ta tambayi Inna. Na koma bayan bukka na yi kuka kamar wata ƙaramar yarinya.

Ba na son komawa Maraɗi. Ba na son zama nan. Ban san me injiniya irina za ta gina ba da mutane za su kwana lafiya kusa da shi.

Asabar, 17 ga Mayu

Kullum ina zuwa, ba wanda ya ce in zo. Kabu-kabu zuwa Birnin Lalle, sauran a ƙafa. Ina zura siririyar igiya da dutse duk rabin awa, a hankali, in rubuta. Ines ta ce in riƙa aika mata lambobin, ban san me za ta yi da su ba, gasa ta ƙare.

Daga azahar zuwa la'asar ruwan na hawa santimita arba'in, a hankali, kuma garai yake. Kullum haka.

Kawu yana amsa gaisuwata, lafiya lau, ya rana, shi ke nan. Da Injiniya yake ce min tun ina makarantar lise, don tsokana. Yanzu ba ya kirana da kowane suna.

Talata, 20 ga Mayu

Zafi. Hadari ya taso gabas jiya ya watse.

Wajen ƙarfe biyu wani baƙo ya iso da jakuna uku da tumaki, daga ganinsa ya sha tafiya. Kawu na kwance gindin aduwa, rawani a kan fuska. Mutumin bai lura da shi ba, ya kwance gugarsa ya nufi bakin rijiya. Sai na ji murya ta ce, "Malam, a dakata sai la'asar. Tana hutawa." Muryata ce.

Ya dube ni, da kayena da birona, ya ce ke ce mai rijiyar? Daga ƙarƙashin rawani Kawu ya ce, "Ka ji abin da tac ce." Bai ko motsa ba. Mutumin ya naɗe igiyarsa ya nemi inuwa.

Ba wani abu ba ne. Lambobin kaye ne suka nuna haka, shi ya sa na faɗa.

Ruwan la'asar santimita tamanin da biyu. Shanu ashirin sun sha, baƙon ya sha. Sauran arba'in ɗin kwana huɗu ke nan ba mu ji inda suke ba.